Karan da Kawu Ya Bar Mini

Ban shiga kokawa don ina son ta ba. Inna ce ta gaji da zuwa gidajen mutane ba da haƙuri. Lokacin da nake tasowa a Isa zuciya gare ni, irin wadda ko kallona aka yi sai na tambayi dalili. Da wuya ranar kasuwa ta wuce ban yaga rigar wani ba, ko wani ya yaga tawa. Ranar da na fasa wa ɗan maƙwabtanmu leɓe don ya ce jakinmu gurgu ne, alhali kuwa gurgun ne, Inna ko faɗa ba ta yi mini ba. Mayafinta ta ɗauka, ta tasa ni gaba har gidan yayanta.

"Yaya, ga ɗanka nan," in ji ta. "Ni kam na gaji. In ana gyaran mutum, gyara min shi."

Kawu manomi ne, gajere mai kaurin wuya, wanda a ƙuruciyarsa ya yi kokawa tun daga nan har ƙauyukan tsallaken iyaka. A bayan gidansa yana da fage na yashin gulbi, inda samarin unguwa ke taruwa bayan la'asar. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Hwaɗa kaka so? To ga wuri." Sai ya ƙwala wa ɗansa kira.

Ɗan nan nasa sa'ana ne, kuma taubashina, don haka ba mu taɓa yin magana ta arziki da juna ba. Shi ya ce mini bawansa, ni in ce masa rago. Ranar nan na gane sunan da na laƙaba masa bai dace da shi ba. Na auka masa da dukan ƙarfina, ban san yadda aka yi ba sai na ji bayana ya daki yashi. Na tashi na koma, ya maimaita mini. Kayen bai ƙona mini rai kamar abin da yake yi bayan kayen ba. Da na kai ƙasa sai ya buɗe hannuwansa duka biyu, ya ja da baya, sannan ya miƙo mini hannu yana murmushi, yana cewa, "Tashi, bawana." Na ɗauka raini ne, na buge hannun.

Ashe doka ce. Kowa ya san a kokawa da mutum ya kai ƙasa wasa ya ƙare, amma Kawu ya ƙara tasa a kai. A fagensa ba a lissafa maka kaye sai ka saki, ka nuna tafin hannunka, ka matsa baya, ka ta da wanda ka kayar. Kowace kaka yakan zaɓi karan dawa mai kauri ya aje don wannan aiki. Yana tsaye a bakin fage, da bayan mutum ya taɓa yashi sai ya daka tsawa, "Saki!" In yatsunka suna jikin mutum bayan tsawar nan, karan zai sauka a wuyan hannunka. Kara ba ya karya ƙashi, amma akwai zafi, ga kuma dariyar tsara.

Ba wanda ya sha karan nan kamata. Ranar da na fara kayar da wani, daɗi ya kwashe ni na haye ƙirjinsa, ai kuwa sai da na kwana biyu ba na iya ɗaukar buta da hannun dama. Na tambayi Kawu cikin fushi ko mene ne amfanin ƙarfin da ba za a bari mutum ya more shi ba.

"Kayad da mutum ba wuya," ya ce. "Ko jaki na yi. Wanda yak kai ƙasa ya riga ya ji kunya. In ka ƙara mishi da danni, gobe ba kokowa za shi zo yi ba, da wuƙa za shi zo."

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Wata rana na ɗaga wani ƙato daga Turba na buga da ƙasa, sai kawai na gan ni tsaye can baya, hannuwana a buɗe, Kawu kuwa bai ma buɗe baki ba. Bai yabe ni ba, don ba ya yabo. Cewa kawai ya yi, "To, jiki ya ji," ya koma kallon wasu.

Abin da jikin ya ji bai tsaya a fage ba. Da na girma na shiga fatauci, ina kai wake da albasa tsallaken iyaka in dawo da abin da ya samu. Wata rana a can wani jandarma, wato ɗan sandansu, ya ci kwalar rigata a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Na ji jinina ya hau, na ga inda zan sa ƙafa in juya shi, na kuma ji yatsuna sun miƙe da kansu a gefen cinyata. Muka rabu lafiya, har ya nuna mini inda ake sayar da shayi mai kyau. A gida ma haka. Matata takan ce ni da na ga na yi galaba a gardama sai in yi shiru, in tambaya ko da sauran fura. Gaskiyarta, kuma ina alfahari da hakan. Da Kawu ya fara tsufa ni da taubashina muka riƙa kama masa fagen, muna ganin mun gaji abu mai kyau.

Sai zamani ya juya mana. Mutanen daji masu bindiga suka fara fitowa a kan babura. Da fari labari muke ji daga nesa, daga baya ya zama sunayen mutanen da muka sani. Kafin ka hau hanyar Sabon Birni sai ka tambayi wanda ya fito daga can. Gonakin da ke nesa da gari suka koma saura, ba mai noma su. Gangar kokawa ta yi shiru, don ba mai son tara jama'a. Amma ciki ba ya jin labari, kuma gonar taubashina tana wajen Kamarawa, ba shi da wata. Ya ci gaba da zuwa, shi da babban ɗansa, wanda a lokacin ya zama saurayi har ya fi uban tsawo.

Abin da ya faru na ji shi daga bakinsu su biyu, kuma bai saɓa ba. Da hantsi ne, gero ya kai ƙirji, suna maimai, wato noma na biyu. Ɗan yana can ƙarshen gona. Babur ya tsaya a bakin hanya da mutum biyu. Ɗaya ya zauna a kan babur, ɗayan ya shigo gona da bindiga, ya ce wa taubashina ya yar da fartanya ya miƙo hannu. Ya yar, ya miƙa. Mutumin ya rataya bindigar a kafaɗa don ya ciro igiya, ya matso har numfashinsu na haɗuwa. Wanda ya yi rayuwarsa a fage ba a matso masa haka. Taubashina ya kama ƙugunsa, ya sa ƙafa, ya buga shi da ƙasa bugun da bindigar ta fita ta faɗi gefe cikin kunyar gero.

Daga nan ya saki. Ya buɗe hannuwansa, ya ja da baya. Ɗan, wanda ya kwanta cikin gero yana kallo, ya rantse mini ya ga hannun uban na dama ya fara miƙewa, irin miƙewar nan ta ta da wanda aka kayar. Mutumin ya mirgina ya ɗauki bindigarsa, ya harbe shi a gwiwa. Da suka ga ba zai iya tafiya ba, ga kuma manoma sun fara ihu daga wasu gonaki, suka hau babur suka tafi. A asibiti a Sakkwato aka yanke ƙafar daga saman gwiwa, don ba abin da ya rage da za a ɗinke.

Da na dawo daga asibitin ban biya gida ba, wurin Kawu na nufa. Tsohuwar zuciyata da na ɗauka ta mutu tana nan daram, ita ta kai ni. Na same shi zaune a zaure, ya rame, ya zuba wa ƙofa ido.

"Kawu, ka ji yadda anka yi?" na ce. "Ya kada shi. Bindiga na ƙasa. Sai yas saki."

"Na ji."

"To mi kac ce?"

Na so ya kare kansa don in sami wurin zuba abin da ke cikina. Na so ya kawo mini wata magana ta manya in ƙaryata shi. Bai yi ko ɗaya ba.

"Da hannuna na koya mishi," ya ce. "Mi kaka so in ce?"

Ya miƙa hannu ya zaro karan daga jikin rufin zaure, ya jefo shi gabana. "Ɗauka. In ka so ka hura wuta da shi. Ni ba ni koma zuwa hwage." Bai kuwa koma ba, kuma bai ga kakar da ta biyo ba. Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna fuskarsa ranar nan sai in ji fushina ya rasa inda zai sauka.

Karan ban hura wuta da shi ba, na cusa shi bayan rumbu. Na cika buhu da yashi a tsakar gida, na ce ni dai sai na kwance wa jikina wannan karatu. In ɗaga buhun in buga da ƙasa, in bi shi da gwiwa, in shaƙe. Haka na tsara a kaina. Amma da buhun ya daki ƙasa sai in gan ni tsaye a baya, hannuwa a buɗe, kamar mai jiran a zuba masa goro. Na sake, na sake, har gumi ya jiƙa ni, ina zagin buhu ina zagin kaina. Matata tana bakin murhu tana dariya, ta ce buhun bai yi mini komai ba. Can da ta gane abin da nake nema ta daina dariyar, ta shige ɗaki.

Da aka sallamo taubashina na je gaishe shi. Yana kan tabarma a ƙofar gida, sandar dogarawa a gefensa, ƙafar wando ɗaya a naɗe.

"Bawana," ya ce, "ka zo ganin mutumen da yab ba ɗan bindiga hannu?"

Ya yi dariya, ni na kasa. A karo na farko a rayuwata ban iya ce masa rago ba. Na zauna, na tambaye shi abin da kowa ke son tambaya yana jin nauyi, ko yana da-na-sani.

"Kullum ina kada shi cikin kaina," ya ce. "Wata rana in riƙe, mu tsira dut. Wata rana in riƙe, na bisa babur shi harbe ni ga kai, shi shiga gero neman yaro. Ban sani ba, bawana. Wallahi ban sani ba."

Ya gyara zama, ya rage murya. Ya ce in dubi ɗansa da kyau. Wai tun ranar nan yaron bai ƙara dariya ba. Shekaranjiya ƙanensa ya taɓa masa kwanon tuwo, ya shaƙe shi a bango sai da uwarsu ta yi kururuwa maƙwabta suka shigo.

"Kai shi hwage," ya ce. "Da kara."

"Da kara? Bayan abin ga da yas same ka?"

"Ƙahwa guda na rasa. Ba ni son in rasa ɗa."

Haka na zaro karan daga bayan rumbu, na share fagen Kawu, na sa aka ƙaro yashi. Samari suka zo da yawa da fari, don kowa na neman abin da zai kare kansa da shi. Da suka ga ana bugun hannu a kan saki, rabinsu suka watse. Wasu suka shiga 'yan sa-kai, suna cewa wasan tsofaffi nake koyarwa. Ban ga laifinsu ba, sun binne 'yan'uwansu.

Ɗan taubashina ya tsaya, kuma bai ɓoye mini dalili ba. "Baffa, ƙarhi na zo nema," ya ce. "Ni in na kada mutum ba ni sakinai." Ƙarfin kuwa yana da shi, ga ƙugun ubansa, ga saurin ƙafa. Cikin ɗan lokaci ba mai tsaya masa. Amma duk wanda ya kayar sai ya bi shi ƙasa, hannu a maƙogwaro. In yi tsawa, in sauke kara. Wuyan hannunsa ya kumbura ya yi baƙi. Ba ya kuka, ba ya magana, sai dai ya ɗago ya dube ni da idon da ban taɓa duban Kawu da shi ba ko a ranar da na fi jin haushinsa.

Ni ma ba da zuciya ɗaya nake bugun ba. Duk sanda karan ya sauka sai in tambayi kaina ko gyara shi nake yi, ko kuwa shirya shi nake wa irin harsashin da ya sami ubansa. Har na nemi dabara ta tsakiya. Na ce masa fage daban, daji daban. In an watse sai in bar shi da buhun yashi ya kayar ya danne yadda yake so, da sharaɗin a fage zai saki. Na ɗauka na yi wayo. Ba a jima ba ya kayar da wani abokin wasansa ya shaƙe shi har idon yaron ya juye, sai da muka taru muka ɓanɓare shi. Da na tambaye shi ya ce bai ma ji tsawata ba. A nan na gane abin da Kawu ya sani bai faɗa ba, jiki karatu ɗaya yake ɗauka. Na farke buhun na zubar da yashin a fage, na koma wa kara kawai, raina ba daɗi.

Ana cikin haka wata magana ta fara yawo a unguwa. Akwai wani saurayi da ke zuwa fagen, ɗan gidan mutunci, wanda yayansa ke kai burodi ƙauyuka a kan babur. Sai aka fara raɗe-raɗin wai yayan ne ke gaya wa mutanen daji wa ke noma a ina. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji da kunnensa. A garinmu yanzu irin wannan magana ba ta bukatar shaida, kuma na san gidajen da ta rusa. Ni ban san gaskiyarta ba har gobe. Ɗan taubashina kuwa ya haɗiye ta gaba ɗaya. Na lura da yadda yake kallon saurayin nan, na daina haɗa su wasa, ko kusa da juna ba na bari su zauna.

Da aka gama girbin gero a shekarar, abubuwa suka ɗan lafa, dattawa suka yarda a yi kokawar kaka, da rana, a watse kafin magariba. Mutane sun yi kewar ganga. Filin ya cika, har daga Tozai aka zo. Aka sa ni alƙalanci. Taubashina ma ya sa aka kawo shi, aka ba shi benci a gaba. A irin wannan taro ba alƙali ke haɗa wasa ba. Ɗan kokawa yakan fito ya zaga fili, ya tsaya gaban wanda yake so ya miƙa masa hannuwa, wanda aka miƙa wa kuwa in ya ƙi tashi ya bar wa gidansu abin faɗe. Ba a kuma shiga da kara, don ba fagen koyo ba ne. Na bar nawa a gida.

Ɗan taubashina ya fito, bai ko zaga ba. Kai tsaye ya nufi saurayin nan ya miƙa masa hannuwa. Duk wanda ke filin ya san maganar da ke yawo. 'Yan'uwan saurayin suna zaune gefe guda, na ga sun dubi juna. Saurayin ya dube ni kamar mai neman in ce wani abu, amma ba ni da abin cewa, doka ta ba shi. Ya tashi ya ɗaure walkinsa.

Suka daɗe suna neman riƙo, kai da kai, yashi na tashi. Saurayin ba rago ba ne, kuma tsoro ya ƙara masa ƙarfi. Sau ɗaya ma har ya kusa taɗe ɗan namu. Can sai na ga hannun ya shige ƙugu, ƙafa ta shiga, irin shigar da na sani tun ranar da Inna ta kai ni gidan Kawu. Ya ɗaga shi sama ya buga da ƙasa, bugun da na ji a tafin ƙafata. Ya bi shi, gwiwa a ƙirji, hannun dama a wuya.

Na yi tsawa, amma makaɗa sun riga sun haukace, ni kaina ban ji muryata ba. Na ga 'yan'uwan saurayin sun miƙe, ɗaya ya sa hannu cikin riga. Na taho da gudu, na kuma san ba zan isa ba. A raina na ce shi ke nan, yau za a yi gawa a filin nan, gobe a yi wata, yaron da aka ba ni amana ya tafi.

Kafin in kai sai na ga hannun ya buɗe. Ya miƙe, ya ja da baya, tafin hannuwansa a waje, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ya ɗan tsaya haka. Sannan ya miƙa hannun dama, fuskarsa na kallon wani wuri, saurayin ya kama ya tashi yana tari. Fili ya ɗauki sowa. Wanda ya sa hannu cikin riga ya fitar da shi ba komai, ya koma ya zauna. Na waiwaya wajen taubashina, na ga ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Ban je kusa ba, don ban san irin kukan da yake yi ba.

Mutane suka yi ta yi mini barka, wai na cika magajin Kawu. Na amsa musu da baki. Ni abin da ke raina daban ne. Gero ya shiga rumbu, amma dawa tana tsaye a gonar Kamarawa, kuma ba mai yanko ta sai ɗan taubashina.

Da safe na je na tare shi a bakin gari, magirbi a kafaɗarsa. Muka gaisa, na bi shi muna tafiya, ina juya maganar a bakina. Karatun Kawu ne a jikina shekara da shekaru, ga shi yau zan faɗi abin da ya saɓa masa.

"Jiya ka yi daidai," na ce. "Ka hid da mu kunya. Amma can gona, in wani abu ya taso, Allah shi kiyaye, in ka kada, kak ka saki. Ka ji ni? Kak ka saki."

Ya tsaya. Ya sauke magirbin ya jingina da ƙafarsa, ya ɗaga hannuwansa yana dubansu. Tabon kara na nan a wuyan kowanne.

"Baffa," ya ce, "jiya ma ban yi niyyas saki ba. Wallahi so na yi in riƙe har shi bar motsi. Hannun na yab buɗe."

Ba fushi a muryarsa, ba kuma godiya. Faɗa mini kawai yake yi, yadda mutum zai ce ruwa ya sauka. Abin da na yi ta bugu don in samu ke nan, abin da ubansa ya roƙe ni, ga shi na samu cif. Tsoron da ya kama ni a wurin ya fi na jiya a fili.

Ya ɗauki magirbinsa ya yi mini sallama. Na ce ya dakata. Na shiga gidan farko da ke bakin hanya na aro magirbi, na fito na same shi yana jira.

"Baffa, kai da ba ka da gona can?"

"Tahi dai," na ce.

Na san in sun zo ba abin da zan tsinana masa, nawa hannun ya riga nasa koyo. Muka kama hanyar Kamarawa, shi gaba ni baya, kowa na sauraron ƙarar babur.